An Biya Kwalta, Ana Taka Laka

A layin biyan kuɗin gyaran titi, wani tela ya ga wani dattijo yana ta kallon lakar da ke takalminsa.

"Malam, daga gona kake?"

"Daga gida, Baba. Da na ji masu gidajen bakin titi ne za su biya kuɗin kwalta, sai na toshe ƙofata, na fasa wata ta lungu."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "An gudu ba a tsira ba! Ai katanga suke aunawa, ba ƙofa ba."

"Na ji a jikina. Matata ma ta daina yi mini magana."

"Za ta huce. Tawa ma ta huce."

Tela ya sunkuya ya dubi ƙafar dattijon. Laka har idon sawu.