Tsiron da ya fito mini a dasashi

'Yan'uwa, na gaishe ku da sunan Yesu mai cetonmu. Ni ce Rifkatu, mai ɗinki a nan Kazaure. Wata huɗu ba ku ji muryata a waƙar zumuntar mata ba, yau zan faɗi dalili.

Ina da cikin wata biyar dasashina ya fara jini. Ko tuwo na ci sai na ga ja a loma. Sai na yi dabara irin tawa, na daina goge wannan gefen, wai kada in fama shi. Ashe ƙara masa nake yi. Cikin 'yan makonni wani jan tsiro kamar ƙwayar gyaɗa ya fito tsakanin haƙorana na gaba.

Tsoro ya kama ni. Gwaggona da ƙari a baki ta rasu, ni na yi jinyarta. Ina taka keken ɗinki ina tunanin wa zai riƙe mini abin da zan haifa. Maigidana yana koyarwa a Gwiwa, ranar Juma'a yake dawowa, shi ma ban nuna masa ba. Kullum gefen zane a baki.

Maƙwabciyata da ta hango shi wata rana ta ce mataccen jini ne, wanzami zai cire shi da aska yanzu-yanzu. Na yarda. Ran da zai zo da safe, na durƙusa, na ce, “Ya Yesu, in wannan hanya ba taka ba ce, ka tare ta.”

Ban tashi ba sai ga sallamar Mama Saratu, shugabar zumuntarmu, ta kawo ɗinki. Ta janye zanen daga bakina, ta duba, na faɗa mata batun wanzami, ta ce, “'Yata, ɗauko gyalenki. Aska ba za ta taɓa ki da tsohon ciki ba.”

A asibiti likitan haƙori ya ce, “Ba ciwon daji ba ne. Datti ya taru a gindin haƙori, wurin ya kumbura. In dasashi ya kumbura, jiki kan saki wani sinadari mai sa ƙananan hanyoyin jini su tsiro, ciki kuma yana ƙara masa ƙarfi. Su ne suka dunƙule haka. Da an yanka a gida, tsayar da jinin sai an sha wuya.”

A lokacin wanzamin na ƙofar gidana yana jira!

Aka wanke mini haƙora, aka ce in riƙa gogewa a hankali ko da jini. Duk da haka, har na haihu kullum harshena na kan tsiron ina auna shi. Bayan suna ya fara motsewa, yau babu shi.

Na gode wa Ubangiji. Wadda ke ɓoye ciwo a cikinmu, ki kai wa Yesu, ki kuma bari a duba ki. Ga 'yata Godiya a bayana tana barci, ga bakina a buɗe. Mama Saratu, a ba ni waƙar farko.