Ƙusar Auta a Bangon Baba Mai Tsirkiya

Assalamu alaikum.

Shugaban wannan taro, limaminmu, shugaban ƙungiyar makaɗa da mutanensa, malamarmu ta makarantar manya, Yaya uwargidan marigayi, 'ya'yansa da jikokinsa, ƙannensa da suka taso daga nesa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa shiga shagonsa da jita a kafaɗa: ina gaishe ku, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Da aka ce ni zan yi magana a madadinmu, sai na ce da Yaya, "Idan fa murya ta ƙi fita? Idan fa na tsallake layi?" Ta ce, "Ai shi ya sa marigayi ya raɗa miki Maman Idan-Fa. Tashi ki je ki rubuta." To ga shi na rubuta. In na tsaya ku jira ni, amma abin da zan faɗa a kan Baba Mai Tsirkiya ba na shakkar ko kalma ɗaya a cikinsa.

Ni ban iya kiɗa ba. Abin da ya kai ni wurinsa 'yata ce, Auta, ga ta can a layi na uku. Shekara goma sha biyu ke nan, tana da sha huɗu a lokacin. Makarantarsu na da jita uku, irin ta katako wadda ba ta buƙatar lantarki, kuma Auta ta ƙwallafa rai a kansu. Sai dai ta gado ni. Ni zuciyata ke rawa, ita tafin hannunta ke gumi. In aka ɗaura sabuwar tsirkiya ta tagulla, mai ruwan zinariya, kwana tara a hannun Auta ta yi baƙi, sautinta ya koma kamar ana buga jiƙaƙƙen kwali. Yara suka sa mata suna Kashe-Waya. Malaminsu ya ce ta riƙa zama tana sauraro tukuna. Kawunta ya ba ta tsohuwar jitarsa, nan ma haka. Ta dinga wanke hannu da sabulu har fatar ta tsage. Wata rana ta ce, "Umma, na bari."

Ba zan ɓoye muku ba, a raina na yi murna, don ina tsoron inda kiɗa zai kai ta. Amma yarinya ta daina hira, ta daina dariya, abinci sai na tsaya a kanta. Ni da kaina na ɗauki jitar, na riƙo hannunta, muka tafi.

Kun san shagon. Ɗan siririn ɗaki tsakanin tela da mai yankan makulli. Tebur ɗaya da tsohon bargo a kai don kada katako ya karce, filaya, tsummoki, da kujerar da ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Sai bangon nan mai ƙusoshi. Kowane mai kawo jita yana da ƙusarsa. In an cire tsofaffin tsirkiyoyi, Baba ba ya zubarwa. Yakan naɗe su kamar awarwaro, ya ɗaura 'yar takarda mai yawan kwanakin da suka yi suna aiki, ya rataya.

Ya zura yatsa a ƙarƙashin tsirkiyar Auta, ya duba baƙin da ya fito, har ya shinshina. Ya ce, "Buɗe hannunki." Ta buɗe tana kuka. Ya ce, "Wa ya ce miki laifinki ne? Guminki ne ba ya shiri da tagulla, shi ke nan. Ba hannun za mu canza ba, waya za mu canza." Ya jawo wani kwali ya ce wannan gaurayen ƙarfe ne mai nikel, gumi ba ya cin sa da sauri.

Na ce, "Idan fa ya ɓata mata fata?"

Ya ce, "Tun da kika shigo kin yi idan-fa shida. Wannan ta bakwai ita ce mai kyau. Akwai wanda fatarsa ba ta son nikel." Ya yanko guntu ya ɗaura mata a wuyan hannu, ya ce mu dawo bayan kwana biyu. Muka dawo, fata lafiya lau, sannan ya ɗaura mata.

Yanzu zan tona wa kaina asiri. Da muka isa gida na dubi tsirkiyoyin nan, na gan su ruwan toka, babu ƙyalli ko kaɗan. Na ce tsohon nan ya ga mace da yarinya, ya ɗaura mana tsofaffi. Auta na tafiya makaranta na ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, na zauna na dirje su ɗaya bayan ɗaya, wai sai zinariyar ta fito. Ba ta fito ba. A cikin akwatin jitar kuma na tsinci wata 'yar takarda da rubutun namiji. Ban iya karatu ba, sai zuciyata ta karanta mini abin da ta ga dama. Na yafa mayafi, sai shago.

Baba ya dubi jitar, ya dube ni. Ya ce, "Da me kika yi wannan aikin?"

Na ce, "Soson ƙarfe."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya leƙa ya kira tela: "Zo ka ga wadda ta wanke jita kamar tukunya." Tela ya ce, "Baba, ka gode ba ta jiƙa ta ta kwana ba." Ni kuwa na tsaya ƙyam, na ce, "Ku gama. Wannan wasiƙar kuma ta wa ce?" Ya sa tabarau ya karanta a gaban tela: "Nikel. Ranar Talata. A goge da ƙyalle bayan kiɗa."

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Amma bai bar ni na tafi da kunya ba. Ya sake ɗaura sababbi, ya ce in juya baya in kalli bango. Ya ɗauko wata jita mai sabuwar tagulla ya kaɗa. Ya ce, "Me kika ji?" Na ce, "Kamar an zubar da cokula a faranti. Da daɗi." Ya kaɗa ta Auta. Na ce, "Wannan kamar mutum yana magana a cikin ɗaki." Ya ce, "Kin ji katako ke nan. Waccan waya kika ji. Tagulla tana da makon farko mai kyau, ba na raina ta, daga nan sai ta fara sauka, a hannun 'yarki kuma gudu take. Wannan ba ta zo da ƙyalli ba, a ido ko a kunne. Amma yadda kika ji ta yau, kusan haka za ki ji ta bayan wata uku. Ruwan tokar nan haihuwarta ce, ba tsufa ba ne." Da zan fita ya miƙo mini takardar ya ce, "Duk canji zan rubuta irinta. Daga yau ba zan ƙara karanta miki ba." Mako na zagayowa na shiga makarantar manya, ina da shekara arba'in da uku.

Tsirkiyoyin nan sun yi kwana ɗari da huɗu a hannun da ake kira Kashe-Waya. Wannan lambar tana cikin abubuwan farko da na karanta da idona.

Ya kasance mutum mai faɗin abu yadda yake. Bai taɓa ce mana nikel maganin komai ba ne. Ya nuna wa Auta cewa siraran tsirkiyoyi biyu na ƙasa ƙarfe ne tsantsa, ba a naɗe su da komai ba, in ba ta goge su ba za su yi tsatsa kamar na kowa. In mawaƙi ya zo yana son sauti mai walƙiya da zai keta hayaniya, tagulla yake ba shi. In mai sanyin murya ya zo, wanda jita ke danne shi, sai ya ce gwada nikel, za ta zauna a ƙarƙashin muryarka.

Ya kasance yana karanta mu a jikin bangon nan. Ya taɓa ce wa wani daga cikinku, ba zan nuna shi ba, "Wata takwas wayarka ba ta ko dusashe ba. Ba ingancinta ba ne, ƙiwarka ce." Wani kuma da tsirkiyarsa ta fara tsinkewa a kai a kai, bai tambaye shi jita ba, ya tambaye shi, "Lafiya gida kuwa?"

Ya kasance namu gaba ɗaya. Jitocin makarantu huɗu suna raye saboda hannunsa. Ɗakin yara na asibiti ya san takunsa duk Alhamis, shi ke saitawa, Auta ke kaɗawa. Ranar Asabar ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son koyon ɗaura tsirkiya, tsoho ko yaro, mace ko namiji. Mu da yawa a nan ya gyara mana abin da ya fi katako.

Yaya, kin ba mu aron mijinki shekara da shekaru, abincinsa na hucewa a gida yana can yana lallashin 'ya'yanmu. Mun sani, mun gode. 'Ya'yansa, na ji kun yanke shawarar ba za a taɓa bangon nan ba, kuma babban ɗansa zai riƙa buɗe shagon ranar Asabar. Allah ya yi muku albarka. Ba za ku zauna ku kaɗai a ciki ba.

Saura magana ɗaya, na kuma nemi izinin Yaya kafin in yi ta a nan.

Auta, ɗago kanki. Kwana saba'in da ɗaya ke nan da Baba ya ɗaura miki tsirkiyar ƙarshe. Kwana shida kika kaɗa ta, ya kwanta ciwo. Tun ranar jitar tana ƙarƙashin gado. Kin ce in hannunki ya cinye waɗannan, babu wasu da hannunsa zai taɓa. Kin ce ko kin ɗaura sababbi, babu kunnen da zai gaya miki sun zauna daidai. Yaran asibiti sun yi Alhamis goma suna tambaya. Yanzu ke ce malamar kiɗa a makarantar da aka ce ki zauna ki saurara, ga takardar ajiye aiki a jakarki, Litinin za ki kai. E, na gani, na kuma karanta. Wannan laifin Baba ne, shi ya tura ni makaranta.

Jiya na je shago na ƙirga ƙusarki. Naɗi talatin da tara. Na karanta takardun duka. Akwai ɗari da huɗu, akwai casa'in, akwai ɗari da ashirin da biyu. Babu mai kwana shida. Baba bai taɓa rataya wayar da ba ta gama aikinta ba. Ke kin fi ni sanin abin da yake cewa in aka kawo masa jitar da ta daɗe a ajiye: ba adana ta aka yi ba, ɗaure ta aka yi.

Ga kuma abin da ba ki sani ba. Shekara biyu da suka wuce na tarar da shi shi kaɗai, na ce, "Baba, sau uku ina sallama." Ya ce, "Maman Idan-Fa, rufa mini asiri. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya." Na ce, "To yaya kake saita jita?" Ya ce, "Fuskar 'yarki nake kallo. Ina murɗawa tana ɗaure gira. Da ta saki girar sai in ɗauke hannu, in ce ya yi." Yaya tana nan, ki tambaye ta. Shekara biyu kina zuwa ya gaya miki ta zauna daidai, alhali ke kike gaya masa.

Ni ce uwar da ta yi murna ranar da kika ce kin bari. Yau ni ce na durƙusa na jawo jitar daga ƙarƙashin gadonki ba da saninki ba. Ga ta nan bayan teburin shugaban taro. Tsirkiyoyin da ke kanta nikel ne, zaman ƙarƙashin gado bai ci su ba, suna da aikin wata uku a jikinsu. Ki kaɗa su har su gaji. Ranar da suka daina riƙe sauti ki cire, ki naɗe, ni zan rubuta takardar, mu je tare mu rataya naɗi na arba'in.

Na san za ki ce mini, idan fa ta tsinke? Wannan tambayata ce, na kuwa gaji da ita. In ta tsinke ta tsinke. Akwai sababbi a jakata, ni na karanta kwalin.

Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da waɗanda suka jera kujeru, da tela da mai yankan makulli da suka rufe shagunansu suka zo. Mun gode wa kowa da ya bar aikinsa saboda tsohon nan.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sa haƙurin da ya yi da mu ya zama haske a gare shi. Ka ba Yaya da 'ya'yansa juriya, ka tsare zuriyarsa. Mu da muka rage, ka sa mu gama aikinmu kafin a naɗe mu. Amin.

Auta, taso. Ƙyallen goge hannu yana cikin akwatin, na wanke shi. Da sabulu kawai.