Jakar Da Ke Gefen Ƙafarta

A ɗakin jiran jirgin ruwa na Piraeus, wata mata mai baƙaƙen kaya ta ƙura wa tsoho Lefteris ido har ya tsargu.

"Baba, ba kai ne mai rubuta tarihin yaƙin teku ba?"

"Da ke nan, 'yata. Yanzu dillanci nake, ina nema wa marubuta masu buga musu littafi. In rubutu kika kawo, ki yi haƙuri, kasuwa ta mutu."

"Ni ina na ga ta rubutu? Ɗana ne dai ya haddace littattafanka. Kai ka sa ya bar gonar zaitun ɗin ubansa ya shiga sojan ruwa."

Lefteris ya gyara zama, daɗi ya kama shi.

"Kin haifi namiji! Ai teku ce makarantar maza. Turo min shi mu sha kofi."

"Ka taɓa shiga jirgin yaƙi, Baba?"

"A'a. Ni ko wannan na fasinja amai yake sa ni."

Ta sunkuya ta shafa jakar soja da ke gefen ƙafarta.

"Kayansa na je na karɓo. Shi ba su same shi ba."