Inda Takalmin Ya Cinye

A rumfar mai gyaran takalma, wata mata ta ajiye takalmin ƙwallon kwando wanda ƙasansa ya ɓalle, hankalinta a tashe.

"Baba, taimake ni. Na 'yata ne, gobe suna da wasa. Gwaninta na yi, na wanke mata da ruwan zafi."

"Shi ya narkar da gam ɗin," in ji tsohon. "Nawa kika saya?"

"Rabin albashina."

Ya yi dariya. "Roba da yadi da gam ba su kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗinki ba. Sauran duk na sunan ɗan wasan nan ne da ke gefe."

"An cuce ni ke nan?"

"Tsaya tukuna." Ya kifa takalmin. "Kin ga zanen nan mai zagaye ƙarƙashin babban yatsa? Don juyi aka yi shi. Yawancin waɗanda ake kawo mini dunduniya ce ke cinyewa, yawon burga kawai ake da su. Wannan kuwa zagayen ne ya shafe tas. 'Yarki ta mori kuɗinki. Ai ke kin ga juyinta a fili."

Ta shafa wurin.

"Ban taɓa zuwa kallonta ba, Baba."

"To, ɗinkewa zan yi. Gobe ki je ki duba mini ko ɗinkina ya riƙe."

"Allah ya saka da alheri, Baba. A sahun gaba zan zauna."