Kujera Ɗaya a Motar Kingston

A tashar May Pen kujera ɗaya ta rage a motar Kingston, mata biyu kuma suna bakin ƙofa.

"'Yar nan, bar mini wurin," in ji dattijuwar. "Gwiwata ta lalace. Shekara bakwai ina kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon netbol, kofi uku na ɗaga. Yaran da nake koyarwa suna da wasan ƙarshe ƙarfe biyu."

"Au, ke ce Mis Icilda? Wadda ta ajiye mini Shanique a benci tun farkon shekara?"

"Ke ce uwarta?"

"Ni ce. Kin ce mata wai zaman jira yana gyara hali. To bismilla, ki jira mota ta gaba." Ta tare ƙofa da hannu biyu.

Dattijuwar ta yi kamar za ta bi hagu, matar ta bi ta, sai dattijuwar ta sulale ta dama ta shige mota ta zauna daram.

"Ina gwiwar da ta lalace?"

Mis Icilda ta leƙo ta taga. "Haka 'yarki ma take tsaron gida. Baki yana aiki, ana wuce ta."