Ɗan Akuya a Cikin Riga

A bencin jira na asibitin dabbobi, wata mata mai kyanwa a kwando ta dubi tsohon da ya rungumo ɗan akuya a cikin rigarsa.

"Baba, me ya same shi?"

"Gudawa. Uwarsa ta mutu, ni nake ba shi madara a bulumboti."

"Ɗan ja fatar wuyansa. Nas ta ce in ba ta koma da wuri ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa."

"Ta koma! Alhamdu lillahi. Ba wai na damu ba ne, 'yata. Dabba ce, sayarwa zan yi."

"To, sayar mini."

Tsohon ya ƙara lulluɓe shi. "Ke, rage murya, yana jin ki."