A Kashe a Ga Mai Ihu

Mugerwa: Halo? Nnalongo uwar tagwaye, barka da rana.

Nnalongo: Ikon Allah. Mugerwa? Ashe kana da lambata.

Mugerwa: Haba dai. Ya gida? Ya su Wasswa da Kato?

Nnalongo: Lafiya lau. Ya iyali?

Mugerwa: Kalau. Ya ruwan nan? Tun safe ake zuba shi a Ntinda.

Nnalongo: An gode Allah.

Mugerwa: Ya jikin tsohuwa a Masaka?

Nnalongo: Ta rasu tun bara.

Mugerwa: Wayyo. Ban ji ba, wallahi. Allah ya ji ƙanta. To... na ce, an ce an mayar da ke ɗakin sabobi, wurin manyan kwamfutocin kamfani?

Nnalongo: An mayar. Sabuwar shugaba ta ce in share manyan injinan nan, kowanne an cusa masa ƙananan sabobi kamar fasinjojin tasi. Wadda ba ta da mai ita, ka san al'adarmu: a kashe a ga wanda zai yi ihu.

Mugerwa: Yawwa. To akwai wata ƙarama, an rubuta mata "gwaji".

Nnalongo: Ƙarama? Rabin ƙarfin inji take ci. Na kashe ta da safe. Har yanzu shiru, ba mai ihu.

Mugerwa: Ki ɗan kunna ta mana.

Nnalongo: Me? In ƙona ta?

Mugerwa: Kunna, na ce, kunna.

Nnalongo: Layin ne. Ta wace ce?

Mugerwa: Ta... wani ce na sani.

Nnalongo: Sai wanin ya zo gaban shugaba ya ce tasa ce. In bai zo ba, ran Juma'a zan goge ta.

Mugerwa: Akwai ajiyar kwafinta ai?

Nnalongo: Wa ke ajiye kwafin abin da ba a san da shi ba?

Mugerwa: Nnalongo, don Allah. Sakamakon jarrabawar makarantun kuɗi ne a ciki. Gobe iyaye za su duba. Hedimastoci sun hana wayata sakat.

Nnalongo: Makarantu? Mu da muke kamfanin inshora? Au, haya kake bayarwa a injinmu kana sawa a aljihu.

Mugerwa: Rage murya.

Nnalongo: Bara da komai ya dinga rarrafe, ma'aikata na zagi, wa ya miƙe a ɗakin taro ya ce Nnalongo ba ta iya raba wa sabobi ƙarfi ba? Aka tura ni canza tawadar firinta, kai aka ba ka kujerata. Ashe kayan hayarka ne suka danne injin, kuma ka sani.

Mugerwa: Abin da ya wuce...

Nnalongo: Bai wuce ba. Kullum na durƙusa gaban firinta sai na tuna fuskarka. Na tsane ka, Mugerwa, gara ka ji daga bakina.

Mugerwa: To me kike so? Mu haɗu a Wandegeya mu ci kaza, mu yi magana irin ta manya.

Nnalongo: Ɗakin taron nan nake so. Ka tsaya inda ka tsaya bara, ka ce sabar taka ce. Kana rufe baki zan kunna.

Mugerwa: Korata za su yi.

Nnalongo: Ko kuma ka yi shiru, hedimastoci su biyo ka har gida. Zaɓi ya rage naka.

Mugerwa: Ina da yara, 'yar'uwa.

Nnalongo: Ni kuma tagwayena 'yan itace ne? Ka tuna ranar da aka sauke ni? Ina asibitin Masaka kan tsohuwa na kira ka, ina kuka, na ce ka duba injin ka wanke ni. Ka tuna abin da ka ce?

Mugerwa: Ni... ban riƙe ba.

Nnalongo: Ni na riƙe.

Mugerwa: To na ji, tawa ce. Tawa ce! Ki kunna, don girman Allah.

Nnalongo: Halo?

Mugerwa: Na ce tawa ce.

Nnalongo: Halo? Ba na jin ka, Mugerwa. Layin ba kyau. Ba haka ka ce min ran nan ba?